Faifan Can da Neu! da Faust: musun da ya ishe ni a Kolon

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga birnin Kolon na Jamus. Yau da ɓacin rai na kunna kyamara, saboda wata magana da masu son tsohon kiɗan Jamus suke ta nanatawa har ta gundure ni. Wai duk wanda zai fara sauraron kiɗan nan da 'yan jaridar Ingila suka laƙaba wa krautrock, to ya ɗauko faifan Tago Mago ya zauna ya shanye shi daga farko har ƙarshe, in ya kasa, kiɗan ba nasa ba ne. Sai su ɗora da cewa in ba bugun farko ka mallaka ba, ba ka ji komai ba. Haba jama'a! Da irin wannan shawarar ake korar mutum daga kiɗa mai daɗi, a kuma raba shi da kuɗinsa.

Ga faifan nan, ku duba. Ƙungiyar Can ce ta fitar da shi a 1971, faifai biyu a kwali ɗaya, wato gefe huɗu ke nan. Gefen farko waƙoƙi uku ne, na biyu kuwa "Halleluhwah" ce ta cinye shi ita kaɗai, minti 18 da 'yan kai. A kan waɗannan biyun ba ni da ja, ko wanda bai taɓa jin sunan Can ba sai ya gyaɗa kai. Amma gefe na uku, "Aumgn", minti 17 ne na gurnani da amsa-kuwwa, ganga ba ta kankama sai can wajen ƙarshe. A na huɗu ga "Peking O", inda mawaƙinsu Damo Suzuki yake ta sambatu da ihu a kan na'urar da ke buga ganga da kanta. Ban ce aikin banza ba ne, akwai ranar da kunne yake buɗewa ya karɓe su. Amma ka miƙa wa baƙo wannan a ranar farko, ai ka sallame shi ke nan.

In kai sabon shiga ne, Ege Bamyasi na 1972 zan sa maka a hannu. Faifai ɗaya ne, waƙoƙi bakwai, kusan minti 40. A ciki akwai "Vitamin C" da "Spoon", ita "Spoon" ɗin ma wani wasan talabijin na Jamus ne ya ɗauke ta a matsayin takensa, ta shiga gidajen mutane, ta kawo wa ƙungiyar kuɗi. Ku kalli kwalin kuma: gwangwanin kuɓewa ne aka ɗauka hoto, irin wanda har gobe ake jerawa a shagunan Turkawa a nan. Kada dai wani ya saye ta da sunan zai yi miya, ta gwangwanin nan ba ta yauƙi yadda muke so. Busasshiyar kuɓewa ta gida ba ta da na biyu, duk wanda zai taho ya tuna da mu. To, mu koma. Sabon bugun faifan nan ana samun sa a shago, kuma sautinsa tas.

Abin da masu musun nan ba sa tsayawa su faɗa shi ne yadda aka yi aikin, alhali nan ne sirrin yake. Tun daga Monster Movie na 1969 har zuwa Soon Over Babaluma na 1974, Can da rakoda mai layi biyu kacal suke ɗaukar kiɗansu. Ma'anar wannan ita ce, ganga da jita da bes da ogan da murya duk a lokaci guda suke shiga tef, a haɗe. In mai jita ya ɗaga sautinsa ya danne kowa, babu wani maɓalli da za a murɗa gobe a rage shi, an rasa wannan ɗaukar gaba ɗaya. Dole kowa ya saurari ɗan'uwansa, ya rage hannu. Shi ya sa in ka sa kunne za ka ji Holger Czukay yana buga bes da sauti biyu ko uku kawai yana ta maimaitawa, ga shi kuwa shi da mai ogan ɗinsu Irmin Schmidt ɗaliban shahararren masanin kiɗan nan Stockhausen ne, ba rashin ilimi ya sa su hakan ba. Sun fara ɗauka a wani tsohon gidan sarauta, Schloss Nörvenich, daga baya suka koma wani tsohon gidan silima a Weilerswist, nan kusa da Kolon, suka lulluɓe bangonsa da katifu don kashe amsa-kuwwa.

Sai su yi ta kiɗa na sa'o'i, tef yana juyawa, sannan Czukay ya zauna da reza. "Yoo Doo Right" da kuke ji minti 20, daga kiɗan sa'a shida aka tsamo ta. Yankan tef kuwa sana'a ce mai ƙa'ida. A gudun da sitidiyo ke amfani da shi, tef yana cin santimita 38 a kowace daƙiƙa, don haka bugu ɗaya na rabin daƙiƙa santimita 19 ne a hannunka. Kana jan tef ɗin da hannu gaba da baya a kan bakin na'ura har ka ji inda ganga ta faɗi, ka yi alama da farin fensir, ka yanka dab da bugun, saboda ƙarar gangar ce za ta ɓoye mahaɗar. A karkace ake yankawa, in ka yanka a miƙe sai a ji ƙas a lasifika. In kuma rezar ta ɗauki maganaɗisu, duk inda ta taɓa sai ta bar ƙara. Ka kuskure da santimita biyu, kiɗan ya yi tuntuɓe, kowa ya ji. Ku saurari "Halleluhwah" da abin sawa a kunne, akwai wuraren da yanayin ɗakin yake sauyawa farat ɗaya amma ganga ba ta kauce ba ko kaɗan.

Wanda ya sa hakan ta yiwu shi ne mai gangarsu Jaki Liebezeit, kuma a wurina shi ne Can. Mutumin nan daga kiɗan jaz marar ƙa'ida ya fito, ya gaji da shi, ya zaɓi ya riƙe zubi ɗaya ya yi ta tafiya a kai ba gudu ba ja da baya. Da gangarsa tana rawa, da reza ba ta yi aiki ba, don yanki biyu ba za su haɗu ba. Wasu Turawa in sun ji minti 18 a kan zubi ɗaya sai su ce ya yi tsawo, wasu su ce ai sai an sha wani abu ake jin daɗinsa. Wannan maganar tana ƙona min rai. Mu da muka tashi muna jin mai kalangu ya riƙe kiɗa ɗaya dare ya raba, yana ɗan matsa tsirkiya yana saki, mun san inda daɗin yake: a ɗan canjin nan da ba ya kai ƙwayar gero. Kunnen Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayani a kan wannan, kuma ina faɗa da alfahari.

Akwai kuma masu cewa daga ranar da Damo ya tafi a 1973 Can ta mutu. Na yarda Future Days, faifansa na ƙarshe da su, shi ne mafi laushi da kyau, muryarsa a can ƙasa kamar ɗaya daga cikin kayan kiɗa. Amma ni a ganina abin da ya sauya su na'ura ce. Daga Landed na 1975 suka samu rakoda mai layi 16, kowa ya iya zuwa shi kaɗai ya gyara nasa, sauraron junan nan na dole ya ragu. Duk da haka kada ku yar da Saw Delight na 1977. A nan ne Rebop Kwaku Baah, makaɗi ɗan Gana, ya shigo tare da Rosko Gee ɗan Jamaika a kan bes, kuma haɗuwar hannun Rebop da na Liebezeit abin a saurara ne. 'Yan ƙungiyar Embryo ta Munik ma sun taka har Najeriya, sun yi faifai da makaɗan dundun na Yarbawa a shekarun 1980, amma da wuya ka ji masu jera gwanaye sun ambace shi.

Mu haura Dusaldof, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a jirgin ƙasa. Ƙungiyar Neu! ta can mutum biyu ne, Klaus Dinger da Michael Rother, duk daga ƙungiyar Kraftwerk suka fito. Faifansu na farko a dare huɗu suka ɗauke shi a Hambog tare da mai ɗaukar sauti Conny Plank, ya fito a 1972. "Hallogallo" ce take buɗe shi, minti 10, da bugun nan da ake kira motorik. Ga yadda yake: ka raba zango gida takwas, ƙaramar ganga ta faɗi a na uku da na bakwai, gangar ƙafa ta cike sauran, hannun dama yana ta kaɗa faranti daidai wa daida. Da sauƙi a baki. Masu kwaikwayo a wuri biyu suke faɗuwa: ko su ƙara gudu ba su sani ba, ko hannu ya yi musu ƙaiƙayi su fara ado a ƙarshen kowane zango, sai tafiyar ta tsinke.

Rigimar tana kan Neu! 2 na 1973. Kuɗin sitidiyo ya ƙare musu da gefe ɗaya kawai a hannu, sai suka ɗauko ƙaramin faifansu mai "Neuschnee" da "Super", wanda aka yi don gudun 45, suka kunna shi a 78 da kuma 16, suka haɗa da wani kaset da rakoda ke taunawa, suka cike gefe na biyu da su. Wasu suna kiran wannan damfara, wasu suna cewa hikima ce da ta riga zamaninta. Ni na ɗauke shi dabarar wanda aljihunsa ya bushe, kuma ba laifi ba ne, amma kada wani ya sa ka biya Yuro ɗari da wani abu saboda shi. "Für Immer" da ke gefen farko ita ce kuɗin faifan. In ɗaya za ka saya, ɗauki Neu! '75: gefe ɗaya natsuwar Rother, ɗayan kuma zafin Dinger, ya bar ganga ga ƙaninsa Thomas da Hans Lampe ya kama jita yana ihu.

Yanzu gargaɗi a kan bugun farkon nan da ake ta kuri da shi, don a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi ake yanka baƙi. Juya kwalin ka duba bayansa. In ka ga zanen layukan nan na farashi da ake haskawa a kanti, ba na 1972 ba ne, a lokacin ba a sa su a faifai. In ka ga haruffan LC da lamba a cikin ɗan zagaye, shi ma bugun baya ne, sai bayan tsakiyar shekarun 1970 aka fara sa su. Tambarin farko na Brain, kamfanin da ya buga faifan Neu!, kore ne, daga baya ya koma ruwan lemo. Sannan ka karkata faifan a haske ka karanta lambar da aka zana a filin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya, ka gwada ta da abin da ke Discogs, shafin intanet na bayanan faifai, kafin ka zaro walat. Ko da na gaske ne, ka tuna gefen da ya kai minti 20 ana yanka shi da ƙaramin sauti don ya samu wuri, saboda haka duk wani ƙarce yana fitowa fili. Faifan da mai shi ya rubuta wa VG, wato mai ɗan ƙarce amma yana kunnuwa, zai iya wucewa a kiɗa mai hayaniya, amma a Future Days ko Hosianna Mantra na ƙungiyar Popol Vuh, inda shiru ya yi yawa, ƙas-ƙas za ka yi ta ji.

Faifan ƙungiyar Faust na farko, na 1971, nasa tarkon daban. Garai-garai yake kamar gilashi, jakarsa ma haka, da hoton ƙashin dunƙulallen hannu a kai. Kyau kam akwai shi, amma a faifai mai haske ido ba ya ganin ƙarce, don haka kada ka saya sai an ɗora allura ka ji. Kowane faifai kuma da ya shekara da yawa a jakar roba mai kauri, duba ko ya yi hazo, don robar tana fitar da wani sinadari da ke kama fuskarsa, ya bar shuu ɗin da wanki ba ya cirewa. The Faust Tapes na 1973 kuwa kamfanin Virgin ya sayar da shi a Birtaniya a kuɗin ƙaramin faifai, aka saye shi da yawa, saboda haka ba abu ne mai wuyar samu ba, duk wanda ya tsuga maka kuɗi ka wuce. CD na faifai ukun farko na Neu! da aka buga kafin 2001 ba da izinin masu shi aka yi ba. Haka faifai ukun farko na Kraftwerk, har yau su da kansu ba su sake fitar da su a CD ba, in ka gani a tebur ka san abin da kake saya.

Masu shirin aika kaya gida, ku ji wannan. A tsaye ake ajiye faifai, kada a jibge su kwance, kada kuma a bar su a but ɗin mota, zafin Kano ko Zindar na wuni ɗaya ya isa ya lanƙwasa su yadda allura za ta riƙa tsalle. Ƙurar hunturu kuwa a goge ta da burushi mai laushi kafin kowace kunnawa, in za a wanke a yi da tataccen ruwa, na famfo yana barin gishiri a cikin layin. Nauyin allura a bi abin da kamfanin ya rubuta, yawanci wajen giram 2. Rage shi da sunan tausayin faifai ɓarna yake yi, don allurar tana rawa a cikin layi tana gurzar bango. Na'urar juya faifai ta Jamus za ta yi aiki a gida ba matsala, wutarmu da tasu iri ɗaya ce. Amma in tsohuwa ce 'yar Amurka mai injin da ke bin bugun wuta, an yi ta ne don 60 mu kuma 50 muke da shi, ko ka sa mata taransifoma za ta riƙa jan kiɗan da kusan kashi ɗaya cikin shida, sai an canza mata ɗan ƙarfen da bel ke zagayawa a kai.