Shirya Tafiyar Hutu da AI: Abin da Za Ku Bar Mata da Abin da Za Ku Duba da Idonku

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Yau batun tafiyar hutu za mu yi, da yadda manhajojin ƙirƙirarriyar basira, wato AI, irin su ChatGPT da Gemini da Copilot da Claude, suke shiga cikin shirin. Tun da aka fito da ChatGPT a ƙarshen watan Nuwamba na 2022, jama'a suka fara tambayar waɗannan manhajoji inda za su je da yadda za su raba kwanakinsu. Manyan shafukan sayar da tikiti da kama ɗakin otal ma ba a bar su a baya ba, domin a 2023 Expedia da Booking.com duk sun saka irin wannan mataimaki a manhajojinsu.

Muna goyon bayan a yi amfani da su, don suna rage wahala ƙwarai. Amma kafin ku ɗora musu kuɗinku da hutunku, ku fahimci yadda suke aiki.

Manhajar AI ba ta riƙe da jerin farashin jirage na yau a kanta. An horar da ita ne da tarin rubuce-rubuce har zuwa wani lokaci, daga nan ta koyi jera magana yadda za ta yi kama da daidai. Idan ta zo inda ba ta da sani, ba kullum take cewa ba ta sani ba. Tana iya kawo sunan gidan abincin da aka rufe tuntuni, ko lokacin tashin jirgin ƙasa da babu shi, kuma ta faɗa da cikakken ƙarfin gwiwa. Kamar ɗan jagora ne da ya haddace littafin gari amma bai taɓa taka garin da ƙafarsa ba. Wasu manhajojin suna iya leƙa intanet kafin su ba da amsa. Idan taku tana da wannan, ku kunna shi, ku kuma ce ta nuna muku shafin da ta samo kowane bayani. Duk da haka tana iya ɗauko tsohon shafi.

To, mu fara da abin da za ku rubuta mata, don a nan yawancin mutane suke yin sake. Wanda ya rubuta "tsara mini hutu a Istanbul" zai samu jerin wuraren da kowa yake samu. Ku dubi wannan da ke kan allo:

"Mu huɗu ne: manya biyu, yaro ɗan shekara shida, da dattijuwa da ba ta iya doguwar tafiyar ƙasa ko hawa matakala. Kwana biyar za mu yi a Istanbul, daga Asabar zuwa Laraba, a watan Oktoba. Jirginmu zai sauka da yamma. Kada ki sa mana fiye da wurare biyu a rana, kuma ki haɗa wuraren da suke kusa da juna a rana ɗaya. Ga adadin kuɗin da muka ware wa masauki da zirga-zirga. Kafin ki tsara komai, ki yi mini tambayoyi biyar kan abin da ban faɗa ba."

Wannan jimla ta ƙarshe tana da amfani sosai. Ita ce take sa manhajar ta tambaye ku ko kuna da keken tura yaro, ko kun fi son masauki a tsakiyar gari, ko akwai abincin da wani ba ya ci. Bayan kun amsa, ku ce ta jera shirin rana-rana, ta rubuta kiyasin lokacin tafiya tsakanin wuri da wuri, sannan ta ware gefe guda ta rubuta abubuwan da ya kamata ku tabbatar da kanku.

Da shirin ya fito, abu biyu za ku fara dubawa. Na farko ranakun hutun wuraren. Babbar kasuwar nan mai rufi ta Istanbul ba ta ci ranar Lahadi. Fadar Topkapi a rufe take ranar Talata, haka gidan tarihi na Louvre a Paris. Manhajar tana iya sanin wannan idan aka tambaye ta kai tsaye, amma ta manta a lokacin da take jera kwanaki, musamman idan ba ku gaya mata ranar da za ku sauka ba. Na biyu nisa. Ku zuba wuraren kowace rana a Google Maps, ku ga ainihin lokacin da za su ci. AI tana yawan cusa abubuwa a rana ɗaya kamar babu layin shiga, babu cunkoson hanya, babu gajiya. Ranar sauka da ranar komawa kuwa ku lissafa su rabin rana, don yawancin otal ba sa ba da ɗaki sai wajen ƙarfe biyu ko uku na rana, kuma suna so a bar shi kafin sha biyu.

Yanzu mu zo ga jirgi, inda kuskure ya fi tsada.

Farashi ku neme shi a shafukan da aka gina don wannan aiki, irin su Google Flights da Skyscanner da Kayak, ko shafin kamfanin jirgin kansa. Abin da AI za ta yi muku a nan shi ne kwatantawa. Ku kwafo zaɓi uku ko huɗu ku liƙa mata, ku ce ta jera tsawon kowace tafiya, awannin yada zango, nauyin kayan da aka yarda, da sharaɗin sauya rana. Sau da yawa tikitin da ya fi araha ba ya ɗauke da babbar jaka mai kilo 23, sai ƙaramar ta hannu. In an ƙara kuɗin jaka da na zaɓen kujera, arahar ta tafi.

Ku lura da filin jirgin da kyau, ba sunan birnin kawai ba. Kowane fili yana da lambarsa ta haruffa uku. Istanbul tana da IST a ɓangaren Turai da SAW a ɓangaren Asiya. Landan tana da Heathrow da Gatwick da Stansted da Luton da wasunsu. Filin Beauvais da ake sayar da tikitinsa da sunan Paris ya fi kilomita 80 daga birnin. Mutum zai ga ya sauka a fili ɗaya, jirginsa na gaba yana tashi daga wani, alhali awa biyu ce tsakaninsu.

Sai batun tikiti biyu da aka haɗa suka yi kama da ɗaya. Idan tafiyarku duka tana kan tikiti guda, jirgin farko ya makara har kuka rasa na biyu, kamfanin ne zai sa ku a wani jirgi. Idan kuwa tikitoci ne daban-daban daga kamfanoni biyu, na biyun ba ruwansa da dalilin makararku. Ƙari a kan haka, sai kun karɓi kayanku, kun bi ta wurin jami'an shige da fice, kun sake miƙa su awo, wanda hakan na iya buƙatar bizar ƙasar da kuka yada zango. Manhajar AI da aka ce ta nemo mafi araha za ta iya kawo muku irin wannan haɗi ba tare da gargaɗi ba. Ku tambaye ta ƙarara: tikiti ɗaya ne ko biyu? Sannan ku tabbatar a shafin da za ku biya.

Ƙaramin abu mai cin mutane: lokutan da ke kan tikiti na agogon garin da filin yake ne. Jirgin da aka rubuta zai tashi 00:30 ranar 12 ga wata, daren 11 za ku je fili.

Biza da fasfo, a nan muna da tsauri. Kada amsar AI ta zama maganar ƙarshe. Dokokin shiga ƙasa sun danganta da fasfon da kuke riƙe da shi, kuma suna sauyawa ba sanarwa mai yawa. Ƙasashe da dama suna so fasfo ya kasance da sauran wata shida. Ƙasashen Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, suna neman sauran wata uku bayan ranar da za ku fita, kuma fasfon ya zama an ba da shi cikin shekara goma da suka wuce. Wasu ƙasashe suna neman katin rigakafin cutar shawara, wanda ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar. Ma'aikacin da zai duba takardunku a filin jirgi yana amfani da rumbun bayanai mai suna Timatic na IATA, wato ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, kuma abin da ya gani a nan shi zai bi. Don haka ku duba shafin ofishin jakadancin ƙasar da na kamfanin jirgin. AI ta taimaka muku da jera takardun da za ku tara da fayyace Turancin fom mai wuya, wannan ta iya.

Har mataimakin AI na kamfanin jirgi yana iya kuskure. A Fabrairun 2024 wata kotun sasanta ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta umarci Air Canada ya biya wani fasinja diyya, saboda mataimakin da ke shafin kamfanin ya ba shi bayanin da ya saɓa wa ƙa'idar kamfanin kan rangwamen tikitin masu zuwa jana'iza. Fasinjan ya ɗauki hoton hirar ya ajiye, ya kuma gabatar da shi a matsayin hujja. Duk alkawarin da irin wannan mataimaki ya yi muku, ku ɗauki hotonsa, ku kuma nemi sharaɗin a rubuce a shafin ƙa'idoji.

Wajen biya. Tun daga 2025 an fara samun manhajojin da suke buɗe shafuka da kansu, su cike fom, su kai ku har bakin biyan kuɗi. Ku bar su su yi binciken da cikewar, amma danna maɓallin biya ya zama da hannunku, bayan kun karanta shafin ƙarshe layi-layi: rana, filin jirgi, adadin mutane, kaya, jimillar kuɗi da haraji. Sunan kowa ya zama harafi da harafi yadda yake a fasfo, don gyaran suna bayan an yanki tikiti yana iya cin kuɗi, wani kamfanin ma ba ya yarda. Lambar katin banki da hoton fasfo kuma kada ku liƙa su a cikin hira da AI. Wurinsu shafin biya na kamfanin.

Shi otal, inda AI ta fi amfani shi ne tace ra'ayoyin waɗanda suka kwana a wurin. Ku kwafo sababbi guda ashirin ko talatin, ku ce ta fitar da koken da ya fi maimaituwa: hayaniya, rashin ruwan zafi, rashin na'urar hawa bene. Ku liƙa mata sharaɗin sokewa ta fayyace muku shi, ku kuma lura cewa wa'adin sokewa kyauta yawanci da agogon garin otal ɗin ake lissafa shi. Idan saƙo ya zo daga baya da sunan otal yana cewa ku sake shigar da katinku ta wani mahaɗi ko a soke ɗakin, kada ku taɓa. Damfara ce da ta yi yawa, kuma AI ta sa rubutun 'yan damfara ya yi tsaf ba kuskure. Ku kira otal ɗin ta lambar da ke shafinsa.

Bayan biya, ku nemi lambobi biyu a imel ɗinku: lambar rajistar tafiya mai haruffa da alƙaluma shida, da lambar tikiti mai alƙaluma 13. Ku shigar da mai shidan tare da sunan mahaifi a shafin kamfanin jirgin kansa. Idan tafiyar ta bayyana da lambar tikiti a jikin sunan kowane fasinja, an yanka. Idan rajista kawai kuka gani babu mai 13 ɗin, mai yiwuwa kujera aka riƙe muku ba a kammala ba, sai ku tuntuɓi wanda ya sayar muku tun a ranar. Sannan ku sauke tikiti da takardar otal da shirin kwanakin a waya ta yadda za su buɗe ba intanet, ku buga kwafi ɗaya a takarda ku sa a jakar hannu tare da fasfo.