An Sallame Su, Amma Ji Bai Dawo Ba

Masu sauraronmu, barkanmu da wannan lokaci. Duk mako hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, wato NCDC, kan fitar da alƙaluman zazzaɓin Lassa: mutum kaza sun kamu, kaza sun rasu, ma'aikatan lafiya kaza cutar ta taɓa. Wanda aka sallama daga asibiti kuwa, ya fita daga lissafi ke nan. To a nan gizo ke saƙar.

Da ma a jikin ma'aikatan jinya aka fara gane cutar. A 1969 ta kashe ma'aikatan jinya biyu 'yan mishan: ta farko ta kamu a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, ta biyun a Jos wajen jinyarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum huɗu da suka tsira, ɗaya kan kurumce. Rabin waɗannan ne jinsu ke ɗan dawowa bayan wata 1 zuwa 3.

A dubi nas ɗin da ta koma bakin aiki da kunne guda. Ta ɗora abin sauraron ƙirji a kan yaro, numfashin ba ya fita mata sosai. Likita ya faɗi adadin allura ta bayan takunkumi, ba ta ko ganin leɓensa balle ta cinka. Da tsakar dare mai jinya na kira, "Malama, ruwan ya ƙare," ba ta waiwayo ba, gobe a ce ta cika wulaƙanci. Ita kuwa ta yi gum, don tana tsoron a ce ba ta iya aikin ba. Haka wasu suka fito daga korona da gajiya, haki da mantuwa na wata da watanni, abokan aiki na yi musu kallon malalata.

Shekara da shekaru alawus ɗin haɗarin aiki na ma'aikatan lafiya naira 5,000 ne a wata, sai a 2021 aka ƙara. Ko bayan ƙarin, wa zai sayi na'urar ƙara ji da shi? Alhali dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa da cutar da aka ɗauka a wurin aiki.

Ya kamata a gwada jin duk ma'aikacin da ya tashi daga Lassa kafin sallama, a sake bayan wata uku, a ɗauke masa aikin dare a tsakani. Kuɗin na'urar kuma ya fito daga aljihun wanda ya ɗauke shi aiki.