Jawabin Maraba ga Zakaran Kokawa Daniel Igali, daga Kwamitin 'Yan Kokawa

Mai girma babban baƙonmu, iyayenmu sarakuna, sarkin kokawa da 'yan fage, makaɗa, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, lale marhabin, sannu da hanya. Ba za mu ɓoye maka ba, tun kafin ka sauka daga mota bakinmu ke ƙaiƙayi da roƙo guda: katifar kokawa muke nema. Za mu dawo kanta.

Labarinka ba ya buƙatar maroƙi. Yaro daga ƙauyen Eniwari a jihar Bayelsa, wanda ya ja tawagar kokawar Najeriya zuwa gasar ƙasashe renon Ingila a Kanada a 1994, ya zauna can, ya ci gasar duniya a Ankara a 1999, sannan a 2000 ya doke Arsen Gitinov na Rasha a Sidni ya ɗauki zinaren Olamfik a ajin kilo 69. Ka dawo gida ka ja ragamar hukumar kokawa ta ƙasa, a zamaninka 'yar kokawa Blessing Oborududu ta kawo mana lambar azurfa daga gasar Olamfik ta Tokyo. Allah ya ƙara girma.

Amma ranka ya daɗe, ka zo gidan kokawa. Tun kaka da kakanni, da an gama girbi an shigar da gero rumbu, ganga ke kiran samari fage. Gari ya tashi ya tafi wani gari, maroƙi na kirari, 'yan mata na guɗa, wanda aka kayar ya kwana bai ci tuwo ba. Ƙaton da ya yi shekara bayansa bai taɓa ƙasa ba, har jikokinsa ana nuna su da yatsa. Maƙwabtanmu na Nijar sun riƙe abin da daraja, tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa wadda ake ba zakaranta takobi. Mu kuwa, da duk wannan gado, yaranmu ba su san hanyar manyan gasanni ba. Mun rubuta takardu, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, mun yi sawu a ofisoshi har takalma sun suɗe. Kullum sai a ce mu dawo gobe.

Dalilin neman katifar a fili yake. A wurinmu, da ka kai abokin karawa ƙasa magana ta ƙare. A kokawar zamani kuwa nan ne aiki ke farawa: turmi biyu ne na minti uku-uku, ana ƙirga maki, kayarwa kuma sai ka danne kafaɗun abokin karawa duka biyu a ƙasa. Mun ga yaronmu ya ɗaga ƙato ya nana shi, ya miƙe yana ɗaga hannu, ashe ba a gama ba, aka zagayo ta baya aka kwashe shi. Ina zai koyi wannan a kan yashi? Yanzu tsofaffin katifun kwana muke ɗinkewa a haɗa, ƙafa na shigewa tsakaninsu, gwiwoyin yaran duk sun sale.

Muna son mai horarwa, muna son a riƙa gayyatarmu gasa. Waɗannan za su iya jira. Katifar ce ba ta jira, ranka ya daɗe. Guda ɗaya, mai mita 12 kowane gefe, ko da wadda aka yi amfani da ita ce. Ɗakin da za a shimfiɗa ta mun share shi, mun gyara rufinsa da kuɗin aljihunmu, ga makullin nan a hannun sarkin kokawa. In an tashi daga nan muna roƙon ka taka ka gan shi da idonka.