Na bar asibiti yau, na tafi majalisar Texas da farar rigata

Assalamu alaikum jama'ata, barkanmu da asuba, ya ibada? Ku yi haƙuri da duhun nan, yanzu na gama sahur na yi sallah muka kamo hanya, abokiyar aikina ce ke tuƙi ni kuma ina riƙe da waya ina ta zabga hamma. Daga Houston muka taso, Austin za mu, tafiyar kusan awa uku. Ga farar rigata can a rataye a baya, jiya da daddare maigida ya goge min ita yana min tsiya wai na zama 'yar siyasa.

To abin da ke kai mu, ƙungiyar likitocin Texas, TMA, tana da wata al'ada, duk lokacin da majalisar jiha ke zama, Talatar farko ta kowane wata likitoci da ɗalibai sai su sa fararen riguna su cika majalisar. Masu tambayata a ƙasan bidiyo wai me ya haɗa likita da majalisa, ku tsaya ku ji. A Amurka lasisin likita na jiha ne. Ba irin na gida Najeriya ba ne da hukumar lasisin likitoci, MDCN, za ta ba ka ka yi aiki daga Sakkwato har Kalaba. Takardar Texas ba za ta ba ni damar buɗe asibiti a Louisiana ba, ga ta nan maƙwabciyarmu. Saboda haka 'yan majalisar jiha su ke riƙe da wuyan aikinmu, kuma na Texas sau ɗaya suke zama a shekara biyu, kwana 140 kacal, idan kudurinka bai wuce a wannan zaman na 2025 ba to sai 2027, sai dai in gwamna ya kira zama na musamman.

Yauwa, mun iso. Ku kalli ginin nan don Allah, da jan dutse aka gina shi, tun 1888 yake tsaye, kuma mutanen Texas ba sa gajiya da gaya maka cewa ya fi na Washington tsawo. Abin da ya ba ni dariya a ƙofa, mu muna layi ana caje jakunkunanmu, ga wani layi a gefe na masu lasisin riƙe bindiga suna wucewa fit fit. Texas kenan.

Bari in gaya muku abin da ya taso ni da azumi a bakina. Akwai wani bawan Allah direban tirela da nake dubawa, ciwon baya ya sa shi gaba, ƙafarsa ta fara mutuwa har yana jan ta. Na rubuta a yi masa hoton MRI. Sai kamfanin inshorarsa ya ce a'a, sai an nemi izininsu tukuna. Muka tura takardu, suka dawo da su. Na kira da kaina, wallahi har shayina ya huce na ɗora wani ina jin kiɗan nan nasu na jira, mara lafiya uku suna zaune a ɗakuna suna jirana, ƙarshe aka haɗa ni da wani likitan kamfani wanda bai taɓa ganin mutumin ba, bai taɓa ƙafarsa ba, shi zai yanke ko na yi daidai. Mutumin nan kullum sai ya kira yana cewa likita yaya ake ciki, ni kunya ma nake ji, kamar ni na riƙe masa.

Wannan neman izini shi ne babban ciwon kanmu. A 2021 Texas ta yi doka a kai, HB 3459, ana ce mata dokar katin zinare. Wanda ya kawo ta a majalisar wakilai, Greg Bonnen, shi kansa likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne. Ai albashin ɗan majalisa a nan dala 7,200 ne a shekara, ban da kuɗin zama, don haka kowa da sana'arsa. Dokar ta ce idan a cikin wata shida kamfani ya amince da kashi 90 cikin 100 na abin da ka nema a kan wani aiki, to an ɗauke maka neman izini a kan wannan aikin. Da muka ji har guɗa na kusa yi. Ashe an yi gudun gara ne an tadda zago, domin sai ka nemi aiki iri ɗaya aƙalla sau biyar a kamfani ɗaya a cikin wata shidan, kuma dokar ba ta taɓa Medicare ba, wato inshorar gwamnatin tarayya ta tsofaffi, ba ta taɓa inshorar manyan kamfanonin da ke biyan kuɗin maganin ma'aikatansu da kansu ba, waɗannan dokar tarayya ce ke kansu. Da hukumar inshorar jihar ta duba, wajen kashi 3 cikin 100 na likitoci ne suka samu katin. Ni dai ban taɓa ganin kalarsa ba.

Ba a bar ni na ɗauki bidiyo a ofishin ɗan majalisarmu ba, bari in ba ku labari. Ofisoshin da yawa a ƙarƙashin ƙasa suke, sai da muka ɓata sau biyu. Wakilin unguwarmu yana wajen zama, sai wata yarinya ma'aikaciyarsa ta karɓe mu, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ta uku ba. Da farko raina ya ɗan sosu, na baro marasa lafiya na yi awa uku a hanya a haɗa ni da yarinya? Sai wani dattijon likita da ya shekara da shekaru yana zuwa ya raɗa min cewa ita ce ke karanta kudurin ta gaya wa ogan abin da ke ciki. Na ajiye takardar alƙaluman da aka ba mu, na ba ta labarin direban nan kawai, ba suna. Tana ta rubutu, ta ɗago ta ce kwana nawa ya jira. Minti goma muka fito.

A gida mun fi sabawa da yajin aikin NARD, ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, sai an rufe asibiti ake jin kukan likita. Amma ku tuna 2023 da ɗan majalisar wakilai Ganiyu Johnson ya kawo kudurin hana likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar yana aiki a Najeriya, ai da likitoci suka taso da baki ɗaya kowa ya ji.

Ƙarin bayani, bidiyon nan tun Maris ɗin 2025 na ɗauke shi, aiki ya hana ni haɗawa. An gama zama, an gyara dokar katin, wata shidan ya koma shekara guda. Sannan 'yan uwa likitoci masu turo min saƙo daga Kano da Zariya da Yamai, an yi wata doka, HB 2038, mai ba wasu likitocin da suka yi horo a waje lasisin wucin gadi, sai dai akwai sharuɗɗa, kar wani ya sayar da fili tukuna, zan yi mata bidiyonta daban. Direban kuma an yi masa hoton, an yi aiki, shekaranjiya ya shigo da ƙafarsa ba sanda. Sai mun haɗu, ku gaida gida.