Matan da Suka Riƙe Dutse: Lacca kan Mutanen Pahari

Assalamu alaikum jama'a. Kalmar Pahari daga "pahar" ta fito, wato dutse, ma'anarta ke nan mutanen kan dutse. Ba ƙabila ɗaya ba ce. Mutanen Garhwal da Kumaon a jihar Uttarakhand ta Indiya, da na Himachal Pradesh, da na tsaunukan Nepal, har da na Poonch da Rajouri a yankin Jammu da Kashmir, inda Musulmi ke da yawa, duk suna amsa sunan. Kowa da harshensa, tsaunukan Himalaya ne suka haɗa su.

A Garhwal zan yada zango. Gonakinsu sassaƙa su aka yi a jikin dutse, hawa-hawa kamar matakala, kuma abin da aka noma da wuya ya kai iyali ƙarshen shekara. Sai maza suka kama tafiya, wasu aikin soja a rundunar Garhwal Rifles, wasu neman kuɗi a Delhi, suna aiko da na cefane ta gidan waya. Mu da muka san ci-rani mun san wanda ake bari da gida. Mace ce ke noma, ita ke ɗebo ruwa, ita ke hawa daji ta yanko wa shanu ciyawa, ta ɗauro itace.

Ku riƙe wannan, domin shi ya haifar da abin da ya faru a ƙauyen Reni a watan Maris na 1974. Masu saran itace sun iso ranar da mazan garin suka tafi garin Chamoli karɓar diyya. Wata mata mai suna Gaura Devi ta tara mata, suka tsaya tsakanin gatari da bishiyoyi har masu saran suka juya. Gwagwarmayar Chipko ke nan, wato rungume bishiya. Ana yawan ba da labarin kamar na masu kishin muhalli kawai. Ni a ganina waɗannan matan abincin shanunsu da wutar murhunsu suke karewa, kuma wannan ya fi taɓa mini zuciya.

A shekarar 2000 mutanen Garhwal da Kumaon suka samu jiharsu, aka cire Uttarakhand daga jihar Uttar Pradesh. Amma tafiya ba ta tsaya ba. Ƙidayar 2011 ta nuna yawan jama'a ya ragu a gundumomin Pauri Garhwal da Almora. Yanzu har matan da yara ke bin mazan zuwa Dehradun, babban birnin jihar, da Delhi. Akwai ƙauyukan da tsofaffi kaɗai suka rage, ƙofofi da kwaɗo, ciyawa ta cinye matakalan gona.