Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Taron Tsara Yaƙi da Fara na Yanki

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, Mai Girma Minista, barka da zuwa, sannu da hanya. A madadin kwamitin shirya wannan taro, da malaman gona, da wakilan ƙasashe maƙwabta da suka baro gidajensu, muna yi maka lale marhabin. Zuwanka da kanka, ba aike ba, ya ƙara mana ƙwarin gwiwa ƙwarai.

Tun da aka gama girbi ma'aikatanmu suke kan hanya. Sun zauna da manoma da makiyaya, sun ƙetara iyaka sun gana da takwarorinsu, sun tona ƙasa suna neman inda fara ta binne ƙwai. Wani zai ce yawo ya yi yawa. To, ranka ya daɗe, ita wannan farar da ke cin gero ƙwanta yana kwance a ƙasa duk tsawon rani, ruwan farko yake jira ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yan suna fitowa ba fiffike, suna tsalle a wuri guda, kuma a 'yan makonnin nan ne kaɗai feshi kaɗan yake wadatarwa. Da zarar ta yi fiffike sai ta bi iska cikin dare, ta yi arewa tare da damina, ta dawo kudu daidai lokacin da gero ke ɗaukar ido. Wanda ya yi feshi a gonarsa, maƙwabcinsa bai yi ba, aikin banza ya yi.

Dattawan cikinmu ba su manta 1986 ba, lokacin da ruwa ya dawo bayan farin 1984, fara ta mamaye Sahel. A 2004 kuma farar ɗango ta afka wa Muritaniya, Mali, Nijar da Senegal. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ƙiyasta cewa gungun da ya rufe murabba'in kilomita 1 yana cinye abincin mutum 35,000 a yini.

Akwai abin da ya sa muke da fata. Maganin Metarhizium, wanda ake samu daga wani nau'in funfuna, yana kashe fara ba tare da ya halaka tsuntsaye ba. Sai dai ba ya aiki nan take, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. Ka ga kuwa dole a fesa shi da wuri. Tun ran gini, ran zane.

Shi ya sa roƙonmu gare ka bai wuce wannan ba: a saki kuɗin mota da mai da magani kafin hadari ya haɗu, a kuma sauƙaƙa wa masu sa ido takardun ƙetare iyaka, domin rahoton da aka samu yau ya isa ƙasa maƙwabciya yau.

Ranka ya daɗe, muna gayyatarka da ka buɗe mana wannan zama. Allah ya ƙara maka lafiya, ya mayar da kai gida lafiya.