Ranar Farko a Ramin Tonon Kayan Tarihi a Masar

Ka sauka a Alƙahira, ka bi jirgin ƙasa na dare zuwa Luksor, ranka cike da hoton zinariya da akwatunan fir'aunoni. Da asuba a tashe ka, a miƙo maka ɗan cokalin magini, da buroshi, da bokiti. Kayan aikinka ke nan. Kusan kowane sabon zuwa sai ya ɗan ji jikinsa ya yi sanyi a wannan lokacin.

Kana isa filin za ka ga ba kowa ke haƙa inda ya ga dama ba. An kafa turaka, an ja igiya, an yanka ƙasar gida-gida, kowane gida da lambarsa. A gefe ga wani mutum zaune da littafi: sufeto ne daga ma'aikatar kula da kayan tarihi ta Masar, kuma ba a taɓa ƙasa sai yana nan. Tun dokar 1983, duk abin da aka tono mallakar ƙasar ne, ko ɗan tsingaro ba ka isa ka jefa a aljihu ba.

To, wa zai koya maka aikin? Kada ka zaci farfesan da ya gayyato ka ne. Galibi shugaban ma'aikata ne, wanda ake kira ra'is, kuma da yawansu mutanen garin Ƙift ne da ke arewa da Luksor. A 1893 Baturen Ingila Flinders Petrie ya fara horar da mutanen garin, sana'ar ta zama gado, ɗa ya karɓa daga uba har yau. Mutumin zai goga bakin cokali a ƙasa, ya saurari ƙarar, ya ce maka nan bulon laka ne, can kuwa ɓaraguzai. Kai ko ka zuba ido har ya yi ruwa, duk ƙasa ɗaya kake gani. Sai an kwana biyu idonka zai buɗe.

A nan ne ainihin aikin yake. Dubi bangon ramin nan da kyau. Ga layin toka, ƙarƙashinsa daɓe, ƙarƙashin daɓen kuma yashi. Mutane sun zauna, gini ya rushe, wasu sun zo sun baje sun ɗora nasu a kai, don haka na ƙasa ya girmi na sama. Kowane layi ana ba shi lamba, a auna zurfinsa, a zana, a ɗauki hoto, a rubuta launinsa, sannan a kwashe shi kaf kafin a taɓa na ƙarƙashi. Dalili kuwa, tono rusawa ne. Abin da ka kankare ba ya komawa, takardar da ka cike ce kaɗai za ta rage. Bajamushe Heinrich Schliemann ya yi gaggawa a Troy, wani tudu a Turkiyya ta yau inda tsofaffin birane suka hau kan juna, cikin shekarun 1870: ya tsaga tudun da wawakeken rami, ya ratsa ta cikin birnin da yake nema, ya je ya tsaya a kan wanda ya girme shi da shekara fiye da 1,000.

Shi ya sa za ka iya wuni a durƙushe ba ka sauke ƙasar da ta kai faɗin tafin hannu ba. Wadda aka kwasa ma sai an tankaɗe ta a rariya, saboda ƙananan duwatsun ado da ƙashin kifi. Ka ci karo da gawayi? Kada ka sa hannu, ɗauke shi da cokali a naɗe, ana iya gwada shekarunsa da shi.

Zinariyar fa? Baturen Ingila Howard Carter ya shafe shekaru yana kwasar tsakuwa a Kwarin Sarakuna, makabartar fir'aunoni kusa da Luksor, kafin ya dace da kabarin Fir'auna Tutankhamun a Nuwamban 1922, kuma fitar da kayan ciki, sama da 5,000, ya ci kusan shekara goma. Abin da kai za ka samu, kwando bayan kwando, fasassun tukwane ne. Kada ka raina su. Da siffar tukwane Petrie ya jera kaburbura wajen 900 daga na dā zuwa na baya a 1899, tun ba a san gwajin gawayi ba.

Da azahar rana za ta kore ku daga filin. Bayan hutu, a zaunar da kai gaban tire cike da tsingaro, ka ware bakin tukunya daban, gindi daban, mariƙi daban. Gwiwa na ciwo, hanci cike da ƙura, sai ka juya wani guntu ka ga shatin babban yatsan maginin da ya danna laka tun tana ɗanya. Rubuta lambar layin a jikin leda tukuna, sannan ka kira ra'is ya gani.